Kundin Digiri na Biyu: Ina Rabon Mutanen Kwarbai?

Abin da nake so mu ɗan yi nazari a kai shi ne hanyar da ɗalibi yake bi kafin ya kammala kundin digiri na biyu, musamman ɗalibin harshe ko adabi ko tarihi. Ba nufina in rushe wannan tsari ba ne, sai dai in nuna wata ɓaraka da ke jikinsa, wadda sabo ya sa idonmu ya daina ganinta.

Da farko dai bari mu jera matakan, don amfanin ƙannenmu da ke shirin shiga. Ɗalibi yakan fara da kwasa-kwasai da jarrabawa. In ya haye, sai ya kawo take, sashe ya amince, a haɗa shi da malaman da za su duba aikinsa. Daga nan sai ya gabatar da tsarin bincikensa a gaban malamai da 'yan'uwansa ɗalibai, a yi masa gyara. Sa'annan ya fita neman bayanai, ya rubuta babi-babi, malami yana mayar masa da su da jan biro. In aiki ya haɗu, sai ya kare shi a cikin gida, kuma a zamanin yanzu har akan sa na'ura ta bincika ko akwai satar rubutu. Bayan haka sai a gayyato malami daga wata jami'a, ya karanta, ya titsiye ɗalibi da tambayoyi. Sai gyara na ƙarshe, a ɗinke kundi da bango mai ƙarfi, a sa hannu, a miƙa wa Makarantar Karatun Gaba da Digiri na Farko, Majalisar Jami'a ta tabbatar, a jira ranar sa riga da hula.

Haƙiƙa tsarin yana da amfani, domin shi ke hana mutum ya yi gaban kansa. Kuma mun ga irin 'ya'yan da ya haifa. Alal misali, kundin digiri na uku da Yusufu Bala Usman ya kammala a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974 a kan tarihin Katsina ya zama littafi a 1981, kuma har yau ba a daina ɗaga shi ba. Haka nan aikin da Ɗalhatu Muhammad ya yi a Landan a 1977 a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu ya buɗe wa masu nazarin waƙa hanya. To, amma mu sake duban matakan nan da kyau. A cikinsu duka, wane mataki ne ya ce ɗalibi ya koma wurin mutanen da ya ɗebo ilimin daga bakinsu? Babu ko ɗaya.

Mu ɗauki Kwarbai, watau unguwar nan da ke maƙwabtaka da fadar Zazzau. Ɗalibin da ya zaɓi waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920 kafin Turawa su kai shi Lakwaja, ba shi da makawa sai ya bar Samaru ya shiga birni. Haka wanda zai yi nazarin rubuce-rubucen Nuhu Bamalli, mai littafin Bala da Babiya, ko tarihin gidajen sarauta huɗu, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ko ginin Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a zamanin Sarki Abdulkarim. Zai yi sallama a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, dattijo ya kwance gafaka ya fito da takardar ajami da ya gada, ya warware masa kalmomin da ba su cikin ƙamus. Tsohuwa a cikin gida ta jero masa kirari da salsala. Duk wannan kyauta ne, sai ko ɗan goro.

Me ke biyo baya? Sunan dattijon zai fito a shafin ƙarshe, cikin jerin waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsa da ranar hira. Shi ke nan an rabu. Ranar kare kundi ba ya cikin ɗakin. In ɗalibi ya karanta ajami a karkace, ya mayar da wata kalma wata, ko ya ɗauki jikan wani sarki ya liƙa wa wani gida, wa zai gane? Malamin da aka gayyato masani ne, babu shakka, amma mai yiwuwa bai taɓa taka Kwarbai ba, kuma ba a ba shi takardar asali ya gwada ba. Da haka kuskure yake samun hatimin jami'a, ɗalibin baɗi ya kwafo shi a babi na biyu, na baɗin baɗaɗa ya kwafo daga na baɗi, har ƙarya ta yi jikoki.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954, alhali Baba ta riga mu gidan gaskiya tun 1951. Littafi ne mai daraja, amma mai labarin ba ta ji an karanta mata shi ba. In an yi wa baƙi uzurin nisa, mu fa wane uzuri gare mu, alhali daga Samaru zuwa birni ba a yin awa guda a mota?

Daɗin daɗawa, ko da an kai wa dattijon kundin, anya zai gane shi? Da yawa daga cikin kundayenmu, ko waɗanda aka rubuta da Hausa, kalmomin ne kawai na Hausa, ginin jimlar na Turanci ne. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da ya fito a 1990 ya taimaka wajen sama mana kalmomin nazari, amma ba ƙamus ne zai koya wa mutum zance mai daɗin ji ba. Sai ka ga an cika shafi ashirin da jerin ayyukan magabata, wane ya ce, wane ma ya ce, ba tare da ɗalibi ya auna maganar kowa ba, sa'annan abin da ya jiyo a zaure, wanda shi ne sabon abu a duk aikin, a cusa shi a 'yan shafuka.

Mu dubi makarantun zaure na birnin Zariya kanta. Almajiri ba ya cewa ya sauke littafi sai ya biya shi baki da baki a gaban malaminsa, abokan karatu suna ji, kuma ranar sauka unguwa ce take shaida. Ilimin yana tashi a cikin jama'a, ya kuma sauka a cikinsu.

Saboda haka ina ba sassanmu shawara uku. Ta ɗaya, kafin a ɗinke kundi, ɗalibi ya koma ya karanta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausa miƙaƙƙiya a gaban waɗanda ya yi hira da su, ya rubuta gyaran da suka yi. Ta biyu, duk takardar ajami da aka yi aiki da ita a sa hotonta a rataye, bisa yardar mai ita, don mai jarrabawa ya gani da idonsa. Ta uku, a ƙara kwafi ɗaya a kan waɗanda ake miƙawa, a kai shi gidan da aka fi ɗibar bayani. Ba kuɗi mai yawa ba ne in an gwada da abin da muke kashewa ranar biki.

Hausawa suna cewa yaba kyauta tukuici. Wanda ya buɗe maka gafakar kakansa ya cancanci ya ji abin da ka rubuta a kansa tun yana da rai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.