Giyar da Ba a Kurɓa: Nazari Kan Hamriyyar Ibnul Farid

Daga cikin abubuwan da ke ba ni mamaki game da wasu malamanmu akwai ƙyamar da suke nuna wa babin hamriyya, wato waƙar giya, har ta kai wasunsu na ganin bai halatta a buɗe wa almajiri diwanin da aka siffanta giya a cikinsa ba, alhali kuwa su da kansu, sa'ad da suke durƙushe a zaure gaban malamansu, sun karanta mu'allaƙar Amru ɗan Kulsum wadda ta buɗe da neman a shayar da shi, sun kuma haddace Banat Su'adu, inda Ka'abu ɗan Zuhairu ya kamanta yawun masoyiyarsa da giyar da aka gauraya da ruwan sanyi, ya rera ta a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kuwa saka masa da mayafi. Haramcin giya ba abin jayayya ba ne, ayar Ma'ida ta riga ta yanke magana. Amma hukuncin sha daban, hukuncin siffantawa daban, kuma wanda ya cakuɗa su ya yi wa fiƙihu da adabi zalunci gaba ɗaya. Ina yi wa mai fara karatu uzuri, domin a rubutacciyar waƙarmu ya saba ganin giya ta fuskar zargi ne, kamar yadda Mu'azu Haɗeja ya yi mata a waƙarsa. Malami kuwa ba shi da wannan uzuri.

Tarihin fannin gajere ne ga mai son taƙaitawa. A Jahiliyya giya 'yan baitoci ce a cikin doguwar ƙasida, A'asha ya yawaita ta, Ahɗal ya raya ta a zamanin Umayyawa, sa'an nan Abu Nuwas, abokin hirar Halifa Amin a Bagadaza, ya mai da ita ƙasida mai cin gashin kanta. Masu cewa giyar Abu Nuwas ma ishara ce ta Sufaye kyautata zato ne ya rinjaye su. Tasa ta inabi ce, a kantin mai sayarwa ya saye ta, ya kuma sha ɗauri saboda ita. Bayan fiye da shekara ɗari huɗu sai ga Umaru Ibnul Farid, wanda aka haifa a Alƙahira a 1181, ya rasu a 1235 aka binne shi a gindin dutsen Muƙaɗɗam, ya ɗauki kayan aikin nan duka ya zuba su a mimiyyarsa, wato hamriyyar da muke nazari.

Abin da kowa ya riƙe daga ƙasidar shi ne mabuɗinta, inda mawaƙin ya sanya buguwarsa tun kafin a halicci kurangar inabi, abin da masharhanta suka danganta da ranar alƙawarin da aka ambata a Suratul A'araf. Ni kuwa a ganina gwanintar tana tsakiya, wurin jerin baitocin da ya gina a kan harafin sharaɗi na "lau", wanda duk wanda ya wuce Ajurrumiyya ya shiga Alfiyya ya san cewa a bakin mafi yawan nahawiyyai yana nuna abu bai auku ba saboda sharaɗinsa bai auku ba. Sama da baiti goma ya jera a kan wannan harafi, kowanne yana ɗauke da wata mu'ujiza: matacce ya tashi, gurgu ya taka, bebe ya yi furuci, makaho ya gani, kurma ya ji, mahaukaci ya warke, wanda maciji ya sara dafi bai cuce shi ba. To, sai a lura da sababin kowace mu'ujiza. Wani hatimin bakin tulun kaɗai ya duba. Wani a inuwar katangar gonar aka kwantar da shi. Wani ƙarar matata ce ta shiga kunnensa. Wani yana yamma ƙamshin ya taso daga gabas. Wani kuwa haruffan sunanta kawai aka rubuta masa a goshi. A duk jerin nan babu mutum ɗaya da ya kai ƙoƙo bakinsa ya haɗiya, kuma ko kusantar da ake zance a kanta nahawu ya shaida ba ta auku ba. Ashe mawaƙin ya nisanta giyar daga mai karatu ninki biyu, na farko da harafi, na biyu da wasiɗa, kuma gwargwadon nisan da ta yi, gwargwadon girman da take ƙarawa a zuciya, kamar yadda tambarin sarki ke cika gari da kwarjini tun ba a hango rawaninsa ba.

Malaman balaga sun ce guluwwi, wato wuce iyaka a kambamawa, abin ƙi ne sai idan an shigar masa da lafazin da zai kusanto shi ga gaskiya, suka kuwa lissafa "lau" a ciki. Ibnul Farid ya karɓi wannan rangwame da aka yi domin baiti guda, ya gina rukunin ƙasida da shi, har ya zama lokacin da ya iso wurin da aka nemi ya siffanta ta ƙarara, ya ambaci ruwa da iska da wuta da jiki, ya kore kowanne ya bar sifarsa kurum, mai karatu bai ji baƙon abu ba, domin tun baya an saba masa da abin sha wanda ake sani ta alamarsa, zatinsa kuwa ba a riskarsa. Wannan tanzihi ne da aka koyar ta hanyar nahawu.

Masu inkari ba sababbi ba ne. A zamanin Sarki Ƙaitabai, Burhanuddin Biƙa'i ya tashi da kafirta mawaƙin, Shaihul Islam Zakariyya Ansari ya ba da fatawa ta kare shi, Suyuɗi kuma, wanda sarakunan Katsina da Agadas suka san wasiƙarsa, ya rubuta risala domin taimakonsa. Wanda yake karanta Jalalaini kullum safiya, alhali Suyuɗi yana da hannu a cikinsa, ya kamata ya yi jinkiri kafin ya goyi bayan Biƙa'i.

Amma cutar da masoya suka yi wa ƙasidar ta fi ta maƙiya. Sharhin Abdulgani Nabulusi, duk da albarkarsa, ya bi ta kalma kalma yana ba kowace fassara ta ɓoye, ƙoƙo kaza ne, tulu kaza ne, har almajiri ya ɗauka waƙar kulle ce, idan ya sami mabuɗi ya gama da ita. Sharhin Burini, da ya tsaya ga lugga da i'irabi da badi'i, shi ya fi dacewa da mubtadi'i. Kafin Burini ma, ni da zan tsara karatu, da Abu Nuwas zan fara, a gaban malami mai tsentseni da zai zaɓi abin karantawa ya tsallake alfasha. Abu Nuwas ne ya tsufar da giya a waƙa har ta riski zamanin Kisra, shi ne ya tace ta har ta koma haske, kuma shi ne ya ɗora farin ciki a kan dutse da wannan harafi na "lau" ɗin dai. Almajirin da bai ga inda Abu Nuwas ya tsaya ba, ba zai iya auna tazarar da Ibnul Farid ya ƙara ba; zai karanta baitin kurma da matata ya ce karama ce ta waliyyi, bai san cewa matatar a kantin Bagadaza aka aro ta ba.