Lambar da Ta Ƙi Cika: Nazari kan Dafa Giyar Doppelbock a Gida

A Jamus ba a kiran giya Bock sai ruwan tsiron sha'irin da aka yi ta da shi ya kai digiri 16 a ma'aunin Plato. Doppelbock kuwa, irin Salvator da ruhubanawan Paulaner na birnin Munik suka shahara da ita a lokacin azuminsu, sai ya kai 18, wato giram 18 na narkakken zaƙi a kowane giram 100 na ruwan. A ma'aunin kauri da masu dafawa a gida ke jefawa cikin ruwan, wannan ya kai wajen 1.074. Tun da Birtaniya ta ɗage neman lasisin dafa giya a gida a 1963, Amurka kuma ta halatta dafawa a gida da dokar da Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, wannan lamba ta zama abin da ɗan koyo ke auna gwanintarsa da shi. Ya nufi 1.075, ya tarar da 1.062, sai ya ɗora wa mai sayar da tsiro laifi.

Ba kasafai laifin ke wurin tsiro ba. Da farko a tuhumi awon kansa. Yawancin ma'aunan an daidaita su ne kan ruwa mai ɗumin digiri 20, wanda kuwa ya tsoma nasa cikin ruwa mai zafin digiri 60 zai ga lambar ta faɗi da fiye da maki 10, alhali zaƙin yana nan. Haka idan ba a motsa tukunya ba, mai kauri ya kwanta ƙasa, aka ɗebo tsararo daga sama.

Sai ɓarza da jiƙo. Ƙwayar da dutse bai fasa ba ba za ta saki sitacinta ba. Duk mai dama kunun zaƙi ta san gasara ba ta yin zaƙi in an zuba mata tsiro tana tafarfasa. Nan ma sinadaran da ke mayar da sitaci sukari sun fi aiki tsakanin digiri 63 da 70, in zafi ya zarce sosai sai su mutu.

Amma inda giya mai ƙarfi ta bambanta da sauran shi ne lissafin ruwa, kuma nan ne nake ganin yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Kowane kilo na hatsi yana riƙe kusan lita guda ta ruwa a cikin dusarsa, ruwan nan kuwa cike yake da zaƙi. Doppelbock tana cin hatsi da yawa, tukunyar kuma ba ta ƙara girma ba, don haka ruwan ɗauraye dusar ya ragu. Mutumin da ya saba fitar da kaso mai tsoka na zaƙin hatsi a giya marar ƙarfi, in ya ɗauka haka zai samu a nan, tun a takarda ya faɗi.

Maganin yana gabanin tafasa, ba bayanta ba. Tafasa ruwa take korewa, ba ta taɓa sukari. Lita 25 masu kaurin 1.060 in suka ƙone suka koma 20, za su ba da 1.075. Wanda ya auna a wannan gaɓa yana da zaɓi: ya tsawaita wuta, amma ya jinkirta zuba furen hop don kada ɗaci ya yi yawa, ko ya ƙara busasshen garin ruwan tsiro, wanda rabin kilo ke ɗaga lita 20 da wajen maki 9.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cike giɓin da farin sukari. Lamba za ta cika, amma yis zai cinye sukarin ƙaf, ya bar giya mai kaifi marar jiki, alhali darajar Doppelbock tana cikin kaurinta da ɗanɗanon gasasshen burodi. Ruwan da ya tsaya a 1.066 ya riga ya cika sharaɗin Bock. Gara a zuba masa wadataccen yis, a bar shi ya yi aiki a digiri 8 zuwa 12, a kwantar da shi makonni cikin sanyi, a kuma rubuta yawan ruwan da dusa ta sha domin a ƙara hatsi a dahuwa ta gaba.