Itace Marar Ƴaƴa: Nazari kan fim ɗin Aisha Maki da kalmar "juya"

A shekarar 2016 Aisha Maki, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da fim ɗinta na gaskiya mai suna L'Arbre sans fruit, wanda ya ci lambar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a wannan shekara. Batunsa matan aure ne da ba su samu haihuwa ba, ita mai fim ɗin tana cikinsu. Ta haɗa labarinta da na mahaifiyarta, wadda ta rasu wajen haihuwa. Wannan haɗi shi ne ƙarfin aikin, domin ya ajiye wadda haihuwa ta kashe kusa da wadda rashinta ya tozarta, a ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya ba kowace mace matsakaicin ƴaƴa 7,6.

Abin da ya kamata mai nazarin harshe ya fara lura da shi sunan fim ɗin ne. A Faransanci kalmar abin da itace ke bayarwa daban take da ta abin da mace ke haifa, saboda haka sunan siffantawa ce mai taushi. A Hausa kuwa kalma ɗaya ce: ƴaƴan itace da ƴaƴan mutum, ko ɗiyan icce da ɗiyan mutum a bakin mutanen Tawa. In aka mayar da sunan cikin Hausa lulluɓin ya faɗi, magana ta zama gatsar. Mai kallo a Paris yana jin azanci, mai kallo a Maradi yana jin gorin da ya saba ji a tsakar gida.

Gorin nan yana da suna, shi ne juya. A rubutun boko ba a bambanta ta da aikatau "juya", abin da kan rikitar da sabon mai karatu, amma wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce kalmar ta mace ce kaɗai. Namiji sai a ce da shi "bai haihu ba" ko "Allah bai ba shi ba tukuna", wato jimla mai lokaci, wadda ke barin ƙofa a buɗe. Mace kuwa suna ake laƙaba mata, suna kuma ba ya da "tukuna". Ko mai wabi, wadda ƴaƴanta ke mutuwa, harshe ya fi yi mata sassauci, tun da har sunaye irin su Ajuji ya tanadar wa ɗanta. Alhali likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba akwai dalili daga wajen miji.

Inda fim ɗin ya taƙaita shi ne sha'anin dukiya. Ya fi tsayawa a kan ciwon zuciya, amma gori yana da gindi a cikin gado. Idan miji ya mutu ya bar ƴaƴa, tumuni ne rabon matansa duka, su raba. Kishiya mai ƴaƴa takan ci gaba da zama cikin gida a inuwar rabonsu, wadda ba ta haifa ba kuwa sau da yawa sai ta gama takaba ta koma gidan ubanta, ko da ita ta yi renon yaran. Ɗan riƙo ba ya gadonta, ba ya kuma tsare mata ɗaki.

Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, batun na zaɓen kalma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 kan gamu da wannan matsala a rayuwarsa, maza da mata. Mai fassara da ya sa "juya" ko "bakarariya" a darasin kiwon lafiya ya fitar da miji daga darasin tun kafin a fara. "Rashin haihuwa" ta fi tsawo, amma tana karɓar "na miji" kamar yadda take karɓar "na mata", kuma malamin aji zai iya furta ta a gaban ɗalibar da abin ya shafa.