Sharhi a kan Asalin Kalmar "Boko"

An daɗe ana faɗa, a baki da a rubuce, cewa kalmar boko aro ce daga kalmar Ingilishi book, wato littafi. Ra'ayin ya ƙara bazuwa a jaridun duniya bayan rikicin Maiduguri na 2009. A 2013 Paul Newman ya fitar da maƙala yana musanta shi. Manufarmu a nan ita ce mu auna hujjojinsa, mu kuma duba abin da ƙasar Adar za ta iya ƙarawa.

Ita book tana da nata dangi: boc a tsohon Ingilishi, da Buch a Jamusanci. Masana da dama suna danganta su da sunan wani itace na ƙasashen Turai.

Hujjar farko ta sauti ce. Da Bahaushe ya ari cook sai ya ce kuku. Da book ya ara, buku zai ce. Ta biyu ta ma'ana ce, kuma ita ta fi ƙarfi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar algus da yaudara, ga kuma amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin ta gaskiya. Ke nan tsohuwar kalma ce iyaye da malamai suka laƙaba wa karatun Nasara saboda raini.

To, ina Adar ta shigo? Faransa ce ta mallaki Tawa, kuma makarantarta ta zo da sunanta, lakkwal, daga l'école. Duk da haka boko yana bakin jama'a. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin fatake sun daɗe suna kai da kawowa tsakanin Adar da Sakkwato ta Birnin Ƙonni, kalma kuwa ba ta tsayawa a kan iyaka. Abin da zai ƙarfafa maganar shi ne a tattara tsofaffin ma'anonin boko daga bakin dattawa a Tawa da Barmu da Kaita, a gwama su da nazarin Bernard Caron na 1991 a kan Adaranci.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, batun ya shafi aiki kai tsaye. Idan manomi yana jin ƙanshin algus a cikin sunan karatun da ake kiransa gare shi, wajibi ne a san haka kafin a buga sunan a bangon littafi.