Sarautar Ijaw a Majigi: Nazari a Kan "Amanyanabo"

A shekarar 2025 aka fito da wani wasan majigi mai suna "Amanyanabo: The Eagle King", wanda Ibinabo Fiberesima ta shirya tare da Fred Amata. Labarin Ibanichuka ne, Sarkin Okrika, ɗaya daga cikin garuruwan Ijaw na bakin teku, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1896, zamanin Ralph Moor. Wasan ya cancanci malaman tarihi su dube shi da idon basira, domin yaran da muke koyarwa sun fi gaskata abin da suka gani a allo bisa ga abin da suka karanta.

Yabonsa na fari shi ne ya mai da sarkin Afirka mutum mai hankalin kansa. Wanda ya san "Sanders of the River" na 1935, inda Paul Robeson ya fito a sarki mai durƙusa wa Bature, ya san nisan tafiyar da aka yi. Na biyu kuwa, masu wasan ba su ɗora dukan laifi a kan baƙo ba. Sun nuna sarki a tsakanin wuta biyu, watau Turawa daga teku, da kuma mutanen gida waɗanda suka karɓi addinin Kirista. Wannan gaskiya ce ta tarihin yankin. A Bonny, bayan zuwan mishan ɗin Bishop Crowther, Sarki George Pepple ya yarda aka karkashe guzayen da garin ke girmamawa a 1867. A Nembe kuwa Koko Kirista ne, amma ya bar addinin da ya hau gado.

Amma fa akwai inda majigi ke ruɗin mai kallo, kuma daga sunan wasan ake fara ganinsa. An kira shi sarkin gaggafa, tsuntsun da ke shawagi shi kaɗai bisa sauran tsuntsaye. Kalmar "amanyanabo" ma'anarta mai gari. Bahaushe da ya ji an fassara ta da "sarki", nan da nan sai ya kawo fada a ransa, da dogarai, da hakimai masu faɗuwa gaisuwa. Ba haka al'amarin yake ba. Ƙarfin waɗannan garuruwa a hannun gidaje yake, abin da suke kira "wari". Gida a nan ba dangi kaɗai ba ne: ƙungiyar ciniki ce da yaƙi, mai ɗauke da 'ya'ya da barori da bayi, kuma ba a lissafa shi cikakken gida sai ya iya fid da jirgin yaƙi da matuƙansa da bindigoginsa. Sarki shi ma shugaban gida ne, wanda sauran shugabanni suka yarda ya wuce gaba. Ran da suka janye jiragensu, ba shi da rundunar da zai kira. K. O. Dike ya bayyana wannan tun 1956, G. I. Jones kuma ya ƙara faɗaɗa shi a 1963.

Mai shakka ya dubi Bonny. An tuɓe Sarki William Dappa Pepple a 1854, bai komo ba sai 1861. Jaja kuwa, bawa ne da aka sayo daga ƙasar Ibo, ya zama shugaban gidan Anna Pepple a 1863. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da Oko Jumbo a 1869, sai ya kwashe gidajen da ke bayansa ya tafi ya kafa Opobo, ya tare hanyar kasuwannin manja, Bonny ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. To, ƙasar da bawa ke iya wannan, ai labarinta ba na mutum ɗaya ba ne. Ita kuwa na'urar ɗaukar hoto fuska ɗaya take so, sai ta tara wa sarki ikon da yake a rarrabe, shugabannin gidaje su koma masu biyayya ko maciya amana. A ganina wannan ne babban rashin irin waɗannan wasanni, domin shugaban gidan da ya saɓa wa sarki, sau da yawa haƙƙinsa na gargajiya yake bi, ba cin amana ba.

Haka kuma sha'anin ciniki. Allo ya fi son gumurzu da rantsuwa a gaban gunki, don lissafin gangunan manja ba ya jan 'yan kallo, alhali kuwa a kansa aka yi ta faɗan. Saboda kasuwa Harry Johnston ya yaudari Jaja ya kama shi a 1887. Saboda kasuwa Koko ya kai wa Akassa, mazaunin kamfanin Royal Niger, hari a watan Janairu na 1895, don kamfanin ya hana mutanen Nembe shiga kasuwannin da suka gada. (Kamfanin nan ne dai ya yaƙi Bida da Ilori a 1897, don haka labarin bai yi mana nisa ba.) Wasan da ya mai da irin wannan rikici jarumtakar sarki da muguntar Bature kurum ya bar ɗalibi bai san abin da aka yi hasara ba.

Malamin da zai nuna wa ajinsa "Amanyanabo" ya kyautu ya gabatar da darasi a kan tsarin gidaje tukuna, ko da daga littafin E. J. Alagoa na 1964 a kan Nembe ne. Sa'an nan duk jirgin yaƙin da ya gilma a allo, ya tsai da hoton ya tambayi ɗalibai ko na wane ne, wa ya sayi albarushinsa, su wa kuma ke tuƙa shi.