Sulken Ƙarfe: Gwanintar Maƙera da Zanen Masu Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya saba da wasannin kwamfuta na almara, irin waɗanda ɗan wasa ke zaɓar jarumi ya kutsa da shi duniyar dodanni da matsafa, ya san barden nan da ke lulluɓe da ƙarfe tun daga ka har ƙafa. A World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, kafaɗun sulken sun fi kan mai shi girma. A Skyrim na 2011 akwai sulke mai tsinaye ta ko'ina, da kwalkwali mai ƙahoni. Masu sha'awar waɗannan wasanni sun daɗe suna musu a kan wanne daga ciki zai yi amfani da a ce a fagen daga na gaske ake. Musun ba shi da wuyar rabawa, domin akwai waɗanda suka riga suka warware matsalar tun a ƙarni na 15 da wuta da masaba, wato maƙeran Milan a Italiya da na Augsburg da Nuremberg a Jamus da na Innsbruck a Ostiriya. Aikinsu yana nan jere a gidajen tarihi na Vienna da Leeds da Landan da New York, kuma da shi ake auna kowane zane.

Matsalar da ke gaban maƙerin ita ce ƙarfe ba ya lanƙwasa, jikin mutum kuwa duk gaɓoɓi ne. Sulken zobba, irin wanda muke gani a jikin barade ranar hawan salla, yana bin jiki yadda ake so, yana tare kaifin takobi, amma ba ya hana duka ya karya ƙashi, kuma tsinin mashi kan fasa zobe ya shige. Falle na ƙarfe yana tare duka biyun, sai dai in aka yi kuskure ya zama kurkuku ga mai shi. Wajen shekara ta 1420 maƙeran Turai sun kai ga rufe mutum gaba ɗaya da fallayen ƙarfe, kuma ya yi gudu, ya hau doki, ya faɗi ya tashi da kansa.

Asirin farko shi ne awo. Babban maƙerin sulke tela ne da ke ɗinki da ƙarfe. Idan basarake yana nesa, sai ya aiko da rigarsa da wandonsa masu kama jiki a ɗauki awo a kansu. Idan aka yi kuskuren ɗan yatsa ɗaya a kwabri, sai ƙarfen ya riƙa cizon idon sawu ko ya zame ya danne ƙafa. Shi ya sa sulken ƙwauri na asali yake da siffar ƙafar mai shi, har da tudun sha-raɓa.

Da awon ya yi daidai, sai nauyi ya rabu. Cikakken sulken yaƙi yakan kai kilo 20 zuwa 25, kuma kowane yanki yana rataye ne a gaɓar da yake karewa. Na hannu ana ɗaure shi da igiyoyi a kafaɗar rigar ciki, na cinya a gefen rigar ta ƙasa. Abin da masu zane da yawa ke kuskurewa shi ne inda farantin ƙirji ke ƙarewa. Ba ya sauka zuwa mara. Yana tsayawa ne a ƙasan haƙarƙari, daidai inda mutum ke lanƙwasa idan zai sunkuya, a nan yake tsukewa ya zauna a kan kwankwaso. Daga nan zuwa ƙasa sai a jera ƙarafa masu kewaye ƙugu, wani na hawa kan wani, waɗanda ke tattaruwa idan mutum ya zauna a sirdi. Tsukakken ƙugun da ake gani a sulken da ba gayu ba ne, shi ne ke sauke wa kafaɗu kaya.

A gaɓoɓi ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗauki gwiwar hannu. Akwai ƙoƙon ƙarfe da ke rufe tsinin gwiwar, sama da shi da ƙasa da shi akwai siraran fallaye da aka haɗa da ƙusa ɗaya a kowane gefe. Idan hannu ya miƙe, fallayen na shigewa ƙarƙashin juna; idan ya naɗe, sai su buɗe, amma ba za su buɗe har su bar kafa ba. Wurin da aka huda ramin ƙusar shi ne komai. In ya goce kaɗan, ko gaɓar ta cije ko ta wangale. A wasu wurare, kamar kafaɗa, ramin dogo ne domin ƙusar ta riƙa zamewa, daga ciki kuma akwai tsirin fata da ke riƙe fallayen. Takalmin ƙarfe da safar hannu ma haka suke, ƙananan fallaye ne jere, kowanne an ƙera shi an gwada, an sake bugawa an goge da magagari, har sai ya zame a kan ɗan'uwansa ba tare da tsayawa ba.

Asiri na gaba shi ne siffa. Maƙerin ba ya so sulke ya tare duka gaba da gaba, so yake makami ya zame ya wuce. Don haka farantin ƙirji yake da tudu, kwalkwali yake da doro ko tsini, babu inda aka bar kwari da tsinin mashi zai samu wurin kamawa. A saman ƙirji akan ɗora wani ɗan gindi na ƙarfe ko a naɗe bakin farantin, domin in mashi ya zame sama kada ya ƙare a maƙogwaro. Maƙeran Milan sukan yi kafaɗar hagu ta fi ta dama girma, saboda hagu ke fuskantar abokin gaba, dama kuwa tana bukatar sarari don riƙe mashi. Na Jamus suka ƙware a fitar da layuka masu tudu da kwari a jikin falle, abin da ke ƙara masa ƙarfi ba tare da ƙarin nauyi ba, kuma yana da kyan gani. Sulkunan da Lorenz Helmschmid na Augsburg ya ƙera a shekarun 1480, waɗanda ke Vienna yau, ana lissafa su cikin mafiya kyau da aka taɓa yi.

Kauri ma ba ɗaya ba ne. Tsakiyar ƙirji da gaban kwalkwali kan kai milimita biyu zuwa uku, gefuna da hannuwa kuwa wajen milimita ɗaya. Da masaba maƙerin ke tura ƙarfe daga inda ba a bukatarsa zuwa inda rai yake, a cikin falle guda. Bayan haka sai aikin wuta. Manyan maƙeran kudancin Jamus sun iya gasa ƙarfe ya yi ja, su tsoma shi ya yi tauri, sannan su sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai tsagewa. Babu ma'aunin zafi, launin ƙarfen kawai suke karantawa da ido. Da bindiga ta yawaita, sai aka riƙa harba wa farantin ƙirji harsashi, a bar lotsawar a matsayin shaida ga mai saye.

Sana'ar ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai masu buga falle da guduma mai aiki da ƙarfin ruwa, akwai masu gogewa, akwai masu yin maɗauri da makulli. A Nuremberg mutum kan ƙware a kwalkwali kaɗai ko safar hannu kaɗai. A Milan gidan Missaglia ya yi suna har sarakunan ƙasashen waje suna saye a wurinsu. Bayan yaƙin Maclodio a 1427, maƙeran birnin sun sake shirya mahaya 4,000 da dakaru 2,000 cikin 'yan kwanaki daga kayan da ke ajiye a rumbunansu. Sarki Henry na Takwas na Ingila, da ya ga ƙasarsa ba ta da irin waɗannan gwanaye, sai ya ɗauko su daga ƙetare ya kafa musu maƙera a Greenwich.

Ba a sa ƙarfe a kan tsurar fata. A ƙarƙashinsa akwai riga mai kauri, an ɗinka mata sulken zobba a hamata da cikin gwiwar hannu, wuraren da falle ba zai iya rufewa ba. Kwalkwali ma yana da shafi a ciki mai shanye duka. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji da shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma 'yan lifidi sun san cewa auduga da aka cusa aka ɗinke tana tare kibiya. Kowace ƙasa ta zaɓi kariyar da ta dace da zafinta da dawakinta da makaman maƙiyanta.

Labarin cewa barde ba ya iya hawa doki sai an ɗaga shi da inji ba shi da tushe. Fim ɗin Henry V na Laurence Olivier a 1944 ya taimaka wajen yaɗa shi. Tarihin rayuwar Boucicaut, wani babban kwamandan Faransa, wanda aka rubuta a 1409, ya nuna yadda yake tsalle cikin sulke ya haye doki ba tare da taka likkafa ba, yana kuma hawa tsani ta bayansa da hannu kawai. Masu bincike na wannan zamani sun gwada irin waɗannan motsa jiki da sulken da aka ƙera daidai jikinsu, sun kuma yi su. Ainihin wahalar sulke a wani wurin take: zafi, ƙarancin numfashi, da ƙarancin gani. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Leeds a 2011 ya nuna tafiya cikin sulke tana cin ƙarfi fiye da ninki biyu na tafiya ba shi, musamman saboda nauyin da ke ƙafafu. A yaƙin Agincourt a 1415 baraden Faransa sun ratsa taɓo a ƙasa kafin su isa ga Ingilawa, suka isa a galabaice. Kuma tun da sara da takobi ba ya yi wa falle komai, sai mayaƙa suka koma ga gulma da guduma da gatari mai dogon ƙota, ko su kama tsakiyar takobi da hannun hagu su nemi hamata da ramin ido, kamar yadda Fiore dei Liberi ya zana a littafinsa na koyar da faɗa a farkon ƙarni na 15.

Da wannan ma'auni sai a koma ga wasanni. Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974 kuma ake buga shi da takarda da ɗan lido, shi ne kakan yawancinsu. A bugunsa na biyar, sulken falle ya fi kowanne kariya da tsada, yana ɗaukar minti goma kafin a sa shi, kuma yana tona asirin mai saɗaɗe. Wannan duk ya kusa da gaskiya. Dark Souls na kamfanin FromSoftware a Japan, wanda ya fito a 2011, ya ba da sulke da yawa da za a iya ƙerawa a sa, kuma ya sa nauyi ya zama abin lissafi: in kaya suka wuce rabin abin da jarumi ke iya ɗauka, mirginawarsa sai ta yi nauyi. Kingdom Come: Deliverance na 2018, wanda aka gina a kan ƙasar Bohemia ta 1403 ba tare da tsafi ko dodo ba, ya fi kowa bin sawun maƙera. Ana sa kaya hawa-hawa, in ka rufe murfin kwalkwali ganinka ya ragu, takobi kuma ba ya cin mai sulke kamar yadda gulma ke cin sa.

Masu manyan kafaɗu ma suna da hujjarsu. A allon da mutum arba'in ke faɗa lokaci guda, dole a gane kowa daga nesa, kuma babbar siffa ce ke yin wannan. Amma a jikin mutum, kafaɗar da ta kai kunne za ta daki kai duk sanda aka ɗaga hannu. Ƙaho a kwalkwali mariƙi ne ga abokin gaba, kuma duka a kansa zai murɗe wuya. Tsinaye suna kama makamin da ya kamata ya zame. Sulken mata da ake zanawa da kwari a tsakiyar ƙirji yana jagorantar tsinin mashi kai tsaye zuwa ƙashin ƙirji, wanda kuma ya bar ciki da cinya a buɗe ba sulke ba ne sam. Joan ta Arc, wadda aka ƙera wa sulke a birnin Tours a 1429, kayan yaƙi ta sa irin na sauran mayaƙa.

Ba wai maƙeran da ba su san ƙawa ba ne. Filippo Negroli na Milan ya ƙera kwalkwali masu fuskokin zaki da dodanni. Konrad Seusenhofer na Innsbruck ya yi wanda Sarki Maximilian ya ba Henry na Takwas a 1514, wanda ke Leeds yau da ƙahonin rago da tabarau. Amma waɗannan na biki ne da nuna isa. A sulken yaƙi, ado yana bin bayan aiki: ana zana shi a kan fili, ko a bi da shi gefen falle, ba a barinsa ya hana gaɓa motsi.

Mai zanen da ya fahimci haka bai rasa komai na almara ba. Yana iya ba jaruminsa zinariya da tambari da siffar dodo, muddin ya san inda ƙusa take da inda ƙugu ke lanƙwasa. Idan ka sake zaɓar wa jaruminka sulke, duba abu huɗu: zai iya ɗaga hannu sama da kai, zai iya sunkuyawa, an rufe masa wuya da hamata, kuma duka zai zame ko zai maƙale? Zanen da ya tsallake waɗannan huɗun, mai shi ya yi karatu a wurin maƙera, kuma ya cancanci yabo.