Tsaiko ko Tsayayya: Nazari a kan Kalmar "Stasis" da Ra'ayin Stephen Dedalus

A babi na biyar na littafin James Joyce mai suna A Portrait of the Artist as a Young Man, wanda ya fito a 1916, ɗalibin nan Stephen Dedalus yana tafe da abokinsa Lynch a titunan Dablin, yana shimfiɗa masa ra'ayinsa game da fasaha. A ganinsa, duk aikin da ya ta da sha'awa ko ƙyama a zuciyar mai kallo, ya jawo shi ko ya kore shi, bai cika fasaha ba. Fasaha ta gaske ita ce wadda ta kama hankali ta tsai da shi cik, ya ɗaukaka bisa so da ƙi. Wannan hali ya kira shi da kalmar Yunanawa, watau stasis. Sau da yawa akan koyar da maganar tamkar hukuncin Joyce kansa, a fassara wa ɗalibai kalmar da "natsuwa". Fassarar ta yi wa kalmar ƙwauro, littafin kuma da kansa ya ƙaryata ta.

Asalin kalmar daga aikatau ne mai ma'anar "tsaya". Bahaushe ya fi Bature saurin gane abin da ke ƙunshe a nan, domin daga "tsaya" ya fid da "tsaiko", inda abu ya ƙi gaba ya ƙi baya, daga gare ta kuma ya fid da "tsayayya", inda mutum biyu kowa ya kafe a kan bakansa. Yunanawa sun haɗa ma'anonin nan biyu a kalma guda, ta biyun ce kuwa ta fi yawo a bakinsu.

Da wannan suna Tusididis ya kira fitinar da ta ɓarke a tsibirin Kokira, wanda ake kira Kofu yanzu, a shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa. Talakawa sun jingina da Atina, masu dukiya sun jingina da abokan gābarta, aka kwana bakwai ana kisa, har uba ya kashe ɗansa. Abin da ya fi ta da hankalin marubucin shi ne yadda kalmomi suka sake ma'ana: ganganci ya zama jarumtaka, taka-tsantsan ya zama tsoro, waɗanda suka ƙi shiga kowane ɓangare kuwa duka ɓangarorin suka hallaka su. Aflatun ma ya lissafa cuta da stasis abu guda, watau sassan jiki ko na rai sun juya wa juna baya. Babu natsuwa a nan ko kaɗan.

Likitocin zamani su ne suka karkata kalmar zuwa tsaiko. Tun bayan rubuce-rubucen Rudolf Virchow na 1856 aka san cewa in jini ya rage gudu a jijiyar ƙafa, kamar ga majinyacin da ya daɗe kwance, yakan daskare, gudan jinin kuma yana iya ɓallewa ya toshe hanyar huhu. Amma ko a wurin likita tsaikon ba hutu ba ne. Zuciya ba ta daina turowa ba, hanya ce ta ƙi, shi ya sa ƙafar ke kumbura.

Masana balaga su ne suka fi kowa cin moriyar kalmar. Hamagoras, wanda ya yi zamani wajen shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa, littafinsa ya ɓace, amma Sisaro da Kwintiliyan sun adana koyarwarsa. A wurinsa stasis ita ce gaɓar da ƙara da musu suka yi karo suka tsaya, kuma ba ta wuce ɗayan huɗu: shin abin ya auku? In ya auku, wane suna ya dace da shi? Mene ne nauyinsa, akwai uzuri ko babu? Sa'an nan, wannan mahukunci ne ke da ikon yanke shi? Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san ba a soma shari'a sai an gane inda masu husuma suka saɓa.

To, sai a koma kan fasaha, wadda ita ce fagen Stephen. Shekara 150 kafin littafin Joyce, a 1766, Lessing ya yi rubutu a kan sassaƙen dutsen nan na Lawokun da 'ya'yansa biyu, macizai sun nannaɗe su, wanda aka tono a Rum a 1506. Winckelmann ya riga ya yaba shi da cewa mutumin yana shan azaba cikin natsuwar rai, shi ya sa bai buɗe baki ya yi kururuwa ba. Lessing ya ƙi. Ya ce masassaƙi ƙiftawar ido ɗaya kaɗai gare shi, saboda haka ya zaɓi wadda ke dab da ƙololuwa, don mai kallo ya ƙarasa kururuwar a ransa. Abin mamaki, lokacin da ya rubuta haka bai taɓa ganin dutsen da idonsa ba, sai a zane. Duk da haka ya fi kusa da gaskiya. Hannun dama da masu gyara suka ɗora wa Lawokun miƙe yake sama kamar na mai nasara. Na asali, wanda aka gano a 1906 aka mayar a 1957, lanƙwashe yake ta bayan kai. Dutsen ba ya motsi ne domin ƙarfin mutum da na maciji sun yi kunnen doki.

Hujja mafi ƙarfi a kan Stephen tana cikin babi na farko na littafin da yake ciki. An zauna cin abincin Kirsimeti, yaro Stephen ya samu zama tare da manya karo na farko, sai maganar Parnell ta taso, shugaban 'yan kishin Ailan wanda malaman coci suka juya wa baya saboda shari'ar sakin aure ta 1890, ya rasu a 1891. Dante Riordan ta tsaya wa malamai, Casey da mahaifin Stephen suka tsaya wa mamacin. In aka auna rigimar da ma'aunin Hamagoras, za a ga ba su tsaya a kan ko abin ya auku ba. A gaɓa ta huɗu suka cije: wa ke da ikon hukunta shugaban al'umma, malamai ko jama'a? Tambayar da ba ta da alƙali a ɗakin ke nan, don haka babu wanda ya gusa ko taƙi ɗaya. Kalmomi kuma sun rabu gida biyu kamar a Kokira, abin da ɗaya ke kira addini ɗayan yana kiransa cin amana. Dante ta fita ta buga ƙofa, Casey ya kife kai yana kuka, yaron ya ɗaga ido ya ga hawaye a idon mahaifinsa.

Waɗannan shafuka su ne mafi kyau a littafin, kuma mai karatu ba ya ɗaukaka bisa so da ƙi a cikinsu. Ana jan sa ta nan, ana jan sa ta can, ya kasa ba kowa gaskiya duka. Ya tsaya lalle, amma irin tsayuwar igiyar da mutum biyu ke ja.

Kada a manta kuma, Joyce ya taɓa nufin karatun likita, har ya tafi Faris dominsa a 1902, kuma a Dubliners na 1914 shanyewar jiki ita ce cutar da ya gano wa birninsa. Mutumin da ya ɗauki rashin motsi cuta a wancan littafi, da wuya a ce shekara biyu bayan haka ya mai da shi ƙolin fasaha ba tare da wata manufa ba. Ya sa ra'ayin a bakin saurayi mai ji da kansa, ya ajiye masa Lynch a gefe yana katse shi da ba'a. Malamin da zai karantar da babi na biyar a kwaleji, ya kyautu ya sa ɗalibai su sake karanta na farko a mako guda, ya rubuta musu "tsaiko" da "tsayayya" a allo, ya tambaye su wacce ce ta auku a teburin Dedalus.